Wasan laima a kan teku: nawa mutum zai tanada kafin ya fara?

Sani_Nima:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Watan jiya mun je Ada Foah da abokan aikina, can inda kogin Volta yake shiga teku. Da la'asar iska ta taso, sai ga wani mutum da jaka a bayansa. Ya shimfiɗa wani abu kamar tanti a kan yashi, ya sa famfo ya hura shi, ya warware igiyoyi dogaye, ya ɗaura ɗamara a ƙugu. Kafin in gane me yake shiryawa, laimar ta tashi sama, ya zura ƙafafunsa a allo, iska ta fizge shi a kan ruwa kamar an harba kibiya. Ba inji, ba mai, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa a ƙarƙashin allon. Na fi awa ɗaya a tsaye, abokaina har suka cinye kifinsu ban sani ba. Da ya fito na tambaye shi, ya ce sunan wasan kaitbodin. Tun ranar abin bai bar raina ba. Gyaran waya nake yi a Circle a Accra, ina zubin susu (adashi), ƙarshen shekara zan ɗauki sidi 9,000. Zai ishe ni in fara? Kuma na ga wani yana tallan tsohuwar laima da sandar da ake tuƙa ta da ita a intanet a kan sidi 3,500, in kama ta kafin wani ya riga ni?

Kawu_SabonZongo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, 9,000 ɗin nan da kake faɗa da sauƙi, a tsohon kuɗinmu na kafin 2007 miliyan 90 ne. Shekara guda kana tara shi. Ka ƙara kaya a shagonka, ko ka fara tanadin aure. Mu mun girma a nan Ankara (Accra) muna ganin teku kullum, amma iyayenmu ba su taɓa barinmu mun mai da shi wurin wasa ba.

Boga_Hamburg:
Sani ƙanena, ka tsaya ka karanta wannan har ƙarshe. Ni ɗan Mamobi ne, shekarata 11 a Jamus, shida daga ciki ina wannan wasan. A tsibirin Fehmarn na koya. Zan faɗa maka kuɗin yadda yake a shagunan nan.
Laima sabuwa, irin ta Duotone ko Cabrinha ko Naish ko Core, tana tsakanin Yuro 1,300 da 2,000, gwargwadon girmanta. Sanda da igiyoyinta daban ake sayarwa, 500 zuwa 700. Allo 400 zuwa 800. Ɗamarar ƙugu 150 zuwa 350. Famfo wajen 60. Hular kwano da rigar da ke tare ƙirji, ka ware 150 ko 200. In ka haɗa matsakaita, ya haura Yuro 3,000. Ko da a ce Yuro sidi 13 ne, ka ga 39,000 ke nan, kuma kayan ba su baro Turai ba tukuna. Abu ɗaya da ƙasarmu ta rage maka shi ne rigar sanyi. Nan dole mu sa mai kauri saboda ruwan tekun Baltik, ku kuwa riga mai dogon hannu da za ta kare ka daga rana ta wadatar.
Amma fa laima ɗaya ba ta isa. Ana auna ta da murabba'in mita. Mutum mai kilo 75 zuwa 80 yana hawa da mai 12 in iska matsakaiciya ce, in ta yi ƙarfi sai ya koma mai 9, in ta yi rauni sai mai 15 ko 17. In ka hau babba a ranar iska mai ƙarfi, ba ja za ta yi ba, ɗaga ka za ta yi ta maka da ƙasa.
Batun tsohuwar laimar 3,500 kuwa, don Allah kada ka saya. Ba ka san girmanta ba, ba ka san shekarar da aka yi ta ba. Duk wadda aka ƙera kafin wajen 2006 ba ta da tsarin rage ƙarfi irin na yanzu, wanda in ka tura sanda gaba laimar ke sakin iska. Da irin waɗancan mutane da yawa suka ji munanan raunuka.

Sani_Nima:
Yaya Boga na gode, amma gaskiya jikina ya yi sanyi. 39,000? Ashe ko kashi ɗaya cikin huɗu ban tara ba.

Ejan_Tema:
Kuma bai sa namu lissafin ba. Fiton kaya nake yi a tashar ruwa ta Tema. Harajin shigo da kaya a tsarin ECOWAS hawa biyar ne: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, ya danganta da rukunin da kayan suka faɗa. Ba a kan kuɗin saye kaɗai ake lissafawa ba, har da kuɗin jigila da inshora. Bayan haka ga VAT kashi 15, harajin inshorar lafiya (NHIL) 2.5, na asusun ilimi (GETFund) 2.5, ga wasu ƙananan caji. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi odar kaya yana murna, ranar karɓa ya rasa abin biya, kayan su kwana suna tara kuɗin ajiya. Duk wanda zai yi oda ya fara zuwa a buga masa lissafi.

Hajiya_Madina:
Maganar Ejan gaskiya ce, kuma ku ƙara da canji. Ni atamfa da leshi nake shigowa da su. A 2022 mun shiga shekara dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14. Na yi ciniki da wata uku a tsakani, kuɗin da na ware na kwantena rabi ya zama. Sani, duk abin da ake saya da kuɗin waje, farashin da ka gani yau ba shi za ka tarar ba ranar da susunka ya fito. Yana iya sauka, yana iya hawa.

Ramatu_Legon:
Kowa yana ta lissafin laima, ba wanda ya yi tambayar farko. Sani, ka iya iyo? Ba wai ka shiga ruwa iya ƙugu a Labadi ka ɗauki hoto ba. Za ka iya mita 200 a teku ba tare da ka taɓa ƙasa ba, igiyar ruwa na dukanka?

Sani_Nima:
Gaskiya a'a, 'yar'uwa. Ina ɗan motsawa a kududdufin otal, amma ban taɓa zuwa inda ƙafata ba ta kai ƙasa ba.

Ramatu_Legon:
To daga nan kuɗinka zai fara. Iya ruwa fid da kai. A wasan nan laima tana faɗuwa ta ƙi tashi, igiya tana tsinkewa, iska tana mutuwa kana nesa da gaɓa, dole ka naɗe igiyoyi ka iyo da kayanka zuwa tudu. Ni a wurin ninƙaya na jami'a a Legon na koya, wata huɗu, sau biyu a mako. Akwai kuma babba a Borteyman da aka gina don wasannin Afirka na Maris 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma yankinmu na Afirka ya fi kowane yanki yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Mu 'yan Zongo musamman, kaɗan ne cikinmu aka koya wa iyo.

Zulai_Mamobi:
Ramatu kin taɓo min ciwo. Shekara uku da suka wuce, kashegarin Babbar Sallah, samarin layinmu suka cika motocin haya (trotro) biyu suka tafi bakin teku. Ɗan maƙwabciyata, shekararsa 19, ruwa iya ƙirjinsa yake tsaye, sai ruwan da ke komawa ciki ya ja ƙafarsa. Abokansa na kallo, ba mai iya binsa. Sai bayan kwana biyu masunta suka gan shi. Har yau uwarsa ba ta taɓa takalman Sallar da ya bari a ƙofar ɗaki ba. Ni ba na ce kada Sani ya yi ba, amma tekun Accra ba tafki ba ne.

Kawu_SabonZongo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa. Abin da nake gudu ke nan.

Malam_Fadama:
Allah ya gafarta masa, ya ba iyayensa haƙuri. Ina so in raba abu biyu da aka cakuɗa. Koyon iyo abin so ne, akwai maganar da ake jinginawa Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Wasan motsa jiki kuma halal ne muddin an rufe al'aura, ba a bar salla ba, ba a jefa rai cikin halaka ba. Inda za a duba shi ne almubazzaranci, shi kuwa gwargwadon mutum ne. Mai samun 50,000 a wata in ya kashe 39,000 a kan abin da ke ƙara masa lafiya, daban yake da wanda zai ci bashi ko ya tauye haƙƙin mahaifiyarsa. Sani ya fi mu sanin nauyin da ke kansa.

Faruk_Tema:
Da girmamawa, Yaya Boga ya tsorata yaron nan fiye da kima. Wa ya ce sai sabo? Ni jirgin ruwa nake aiki, a Las Palmas na haɗa kayana gaba ɗaya na hannu: laima mai 12 'yar shekara uku, sanda, allo da ɗamara, duka Yuro 1,200. A jakata na shigo da su. Shekara biyu ke nan ina hawa. Ba kowa ke da kuɗin Hamburg ba.

Boga_Hamburg:
Faruk, ba mu saɓa ba. Nima na hannu na fara da su. Bambancin shi ne kai ka riƙe kayan da hannunka kafin ka biya, kuma ka riga ka koya. Ga yadda ake duba ta hannu, don amfanin kowa. Ka hura ta ta yi tauri, ka bar ta minti 30, in ta saki to balan-balan ɗin da ke ciki ta huje ko bakin hurawa ya ɗago. Zafi ne ke narkar da gam ɗin bakin, shi ya sa laimar da ta daɗe a but ɗin mota a rana irin tamu ba ta da tabbas. Ka murza yadin da yatsu: sabo yana ƙara kamar sabuwar takardar kuɗi, wanda rana ta cinye kuwa laushi yake kamar tsohon zane. Ka ɗaure igiyoyi huɗun a jikin ƙarfe ka ja, su zo daidai da juna. Sannan maɓallin saki, wanda kake turawa laima ta rabu da kai in abu ya ɓaci, ka gwada shi sau goma da yashi a jikinsa. Sanda ita ce ranka. In za ka sayi abu ɗaya sabo, to ita ce.

Faruk_Tema:
Wannan na yarda. Ni ma bara na canza igiyoyi, Yuro 150 suka ci. Kuma laimata ta taɓa faɗawa kan itacen kwakwa ta yage kamar kamu biyu. Wani tela mai ɗinkin rumfa a Ashaiman ne ya ɗinke min bayan na nuna masa bidiyo, amma yadin faci da tef ɗin sai da aka aiko min daga waje.

Dan_Asawase:
Mu na Kumasi muna bin ku a hankali. Tambaya: ba za a iya yi a tafkin Bosomtwe ba? Kilomita 30 ne kawai daga gari, ba igiyar ruwa, ba gishiri.

Faruk_Tema:
Bosomtwe rami ne da duwatsu suka kewaye, iskar da ke sauka ciki ba ta da tsari, ta zo ta ɗauke. Laima tana son iska mai ɗorewa daga gefe ɗaya. Masuntan wurin ma a kan gungumen katako suke zama suna tuƙi da hannu. Ka je ka sha iska, amma ba da laima ba.

Boga_Hamburg:
Tambayar Dan_Asawase ta kawo mu kan abin da na fi so Sani ya ji, don ya fi kuɗin kaya muhimmanci. Kayan nan ba sa aiki sai da iskar da ta kai wajen kilomita 22 a awa, ta kuma tsaya a haka. Karon farko da na zo gida da su a Disamba ne. Na biya kuɗin ƙarin jaka a jirgi zuwa da dawowa, na yi sati uku, laimar ba ta fita daga jaka ba ko sau ɗaya. Kullum ina bakin ruwa da ɗan ma'aunin iska a hannu, yana nuna 10, 12. Karo na biyu na zo a Agusta, na samu kwana bakwai masu kyau cikin sati uku. Iskar da ke mana aiki ita ce ta kudu maso yamma, mai ƙarfi daga wajen Yuli zuwa Satumba, kuma ta fi kyau a gabas, wajen Ada da Anloga da Keta.
Yanzu ka yi lissafi. A ce ka kashe 40,000, kayan su yi maka shekara huɗu, kana samun kwana 20 a shekara saboda aiki. Kwana 80 ke nan, kowace rana ta tashi a sidi 500, ban da mota da abinci da gyara. In ka tafi ran Asabar iska ta ƙi zuwa, kuɗin mota ya tafi, cinikin shago ma ya tafi.

Dan_Asawase:
Amma hunturu fa? Iska ce mai ƙarfi ai, a Tamale har rumfa take ɗagawa.

Faruk_Tema:
A arewa ne take da ƙarfi, kafin ta iso bakin teku ta gaji, ƙura kawai take kawo mana. Ko ta zo da ƙarfi ma, daga tudu take busawa zuwa cikin teku. Wannan ita ce iskar da ba a hawa da ita in ba jirgin ceto a kusa, don in ka faɗi, ciki za ta yi ta tura ka.

Direba_Ashaiman:
Ni nake bin hanyar Ada kullum. Daga Accra wajen kilomita 100 ne, ka bi titin Aflao ka karya a mahaɗar Kasseh. Abin da zan ƙara, bakin ruwan nan yana da masu shi. Masunta suna jan koma tun asuba, igiyarsu tana shiga ruwa da nisa. In laimarka ta sarƙe da ragar mutum, kai za ka biya. Ka je ka gai da sarkin masunta tukuna, ka tambayi inda ba sa aiki. A yawancin garuruwan bakin teku ba sa fita ran Talata, ranar wurin ya fi sarari. Sannan makon farko na Agusta bikin Asafotufiami ne, ɗaki yana tsada, gari yana cika.

Ramatu_Legon:
Wani ƙarin: a ɓangaren kogi inda ruwa ba gishiri, a kula da tsargiya, tana nan a ruwan Volta. Yaya Boga, mata suna yi kuwa? Ina nufin da sutura cikakkiya.

Boga_Hamburg:
Sosai ƙanwata. Ai a Olamfik na Paris 2024 aka fara sa tserensa, a Marseille aka yi, Ellie Aldridge ta Birtaniya ta ci zinare a mata, Valentin Bontus na Ostiriya a maza. Riga da wando dogaye na ruwa suna aiki, sai dai hijabin ya zama mai kama kai, kada wani abu ya yi lilo kusa da igiyoyi. Dabara wasan yake so, ba ƙarfin damtse ba, ɗamara ce ke ɗaukar jan. Laimar da ake hurawa ɗin ma wasu 'yan'uwa biyu Faransawa ne suka ƙirƙiro ta, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi mata rajista a 1984, don ta riƙa yin iyo in ta faɗa ruwa a sake tayar da ita.

Sani_Nima:
To batun koyo fa? Ba zan iya koya daga YouTube ba, Yaya Faruk ya riƙa duba ni?

Faruk_Tema:
Zan tsaya kusa da kai da zuciya ɗaya, amma ni ba malami ba ne. Yawancin mutane suna buƙatar awa 9 zuwa 12 da malami kafin su tsaya a kan allo. Ka nemi mai takardar IKO, ƙungiyar da ke horar da malaman wasan tun 2001. Amfanin makaranta, da kayansu kake koyo, kuma a kwanakin farko ne ake buga laima da ruwa har ta yage. Gara tasu da taka.

Boga_Hamburg:
Ni Yuro 300 da ɗoriya na biya na kwana uku a rukuni. In da zan sake daga farko ina zaune a Accra, kuɗin laima zan mayar kuɗin tafiya, in je tsibirin Sal na Kef Bad tsakanin Disamba da Maris lokacin da iskarsu ba ta fashi. Ƙasar ECOWAS ce, fasfonmu ba ya buƙatar biza. Can ne garin Mitu Monteiro, wanda ya zama zakaran duniya a hawan igiyar ruwa da laima a 2008. Baƙar fata ne ɗan Afirka ta Yamma kamar mu. Kwana goma a can sun fi shekara guda ta jiran iska.

Hajiya_Madina:
Tikitin jirgi da masauki da makaranta, ai wannan ma ya wuce 9,000 nesa ba kusa ba. Ku daina zagaye, ku faɗa wa yaron abin da kuɗinsa zai iya yi yau.

Ramatu_Legon:
Gaskiyarki Hajiya. Ni a ganina: kuɗin koyon iyo na wata huɗu, ƙaramar laimar koyo mai murabba'in mita 2 ko 3 da ake tashi da ita a kan yashi, wadda ba ta wuce dala 100 zuwa 200, sai kuɗin motar Ada. Sauran ya bar shi a susu.

Kawu_SabonZongo:
In iyo zai koya, wannan ban hana ba. Har jikana zan haɗa shi da shi. Amma miliyan 390 a kan laima, har yanzu zuciyata ba ta karɓa ba.

Zulai_Mamobi:
Kawu, in ana rubuta sunayen masu koyon iyo a sa yarana biyu. Ramatu, ki taimaka ki tambayo mana ko ana rage kuɗi in an zo da yawa, kuma ko akwai ranar mata.

Ejan_Tema:
Wata dabara: in kun kai mutum huɗu masu nauyi kusan ɗaya, ku yi karo-karo ku sayi laima biyu da allo ɗaya. Dama ba a shiga ruwa a wasan nan sai da wani a gaɓa yana kallo. Kowa ya sayi ɗamararsa kawai.

Faruk_Tema:
Karo-karo yana da daɗi har ranar da laima ta yage a hannun mutum ɗaya. A rubuta tun farko wa zai biya gyara.

Sani_Nima:
Na gode muku duka, har da Kawu. Na tura wa mai tsohuwar laimar saƙo na tambaye shi shekararta da girmanta, ya ce mai 16 ce, shekarar kuma bai sani ba, wani ne ya bar masa. Na ce masa na fasa. 'Yar'uwa Ramatu, ki sa sunana a masu iyo. Yaya Boga, in za ka zo a Agusta, ko za ka taho min da ƙaramar ta koyo in biya ka ta MoMo, kuɗin waya? Har yanzu ina son abin nan, ko shekara uku zai ɗauke ni.

Boga_Hamburg:
Ina da ɗaya mai mita 2.5 da na fara da ita, tana nan a ɗakin ajiya, zan duba igiyoyinta in taho da ita. Kuɗin ka riƙe na motar Ada.

Faruk_Tema:
Windguru, shafin hasashen iska, yana nuna iska za ta ɗan tashi ran Asabar da yamma. In haka ta tsaya zan fita. Sani, ka zo ka ga yadda ake shimfiɗa igiyoyi da yadda ake ɗaga wa mutum laima, ba za ka shiga ruwa ba. Ka hau motar Ada a tashar Tudu da sassafe.

Direba_Ashaiman:
In ya iso Ashaiman kafin ƙarfe bakwai ya kira ni, kujerar gaba tasa ce.

Dan_Asawase:
Ku ɗauko mana bidiyo. Kuma nawa ne kuɗin ƙarin jakar a jirgi, Yaya Boga?